Katagum ta Asali: Garin da Sarauta Ta Tashi Ta Bari

Idan ka shiga tashar mota a Azare ka ce za ka Katagum, ba mamaki yaran mota su dube ka su ce, "Malam, ai kana cikinta." Kuma ba su yi ƙarya ba. Azare ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, a nan fadar Mai Martaba Sarkin Katagum take, a nan ake hawan salla. Sai ka ƙara da cewa Katagum ta Zaki kake nufi, sannan a gane inda ka dosa. Garin da ya ba masarautar sunanta yana can arewa, tafiyar kimanin kilomita 70, a bakin Kogin Jama'are, kuma shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki.

Akwai dubban mutane a Azare da Giade da Yana da Chinade waɗanda duk inda suka je cikin alfahari suke cewa su 'yan ƙasar Katagum ne. Wasunsu sun je Legas, sun je Makka, wasu har Dubai sun je saro kaya, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka garin ba. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Ba a saba ce mana tsohon gari wurin zuwa ba ne, sai dai in biki ya kai mutum, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa. Ziyara don ganin tarihi kuwa, mun bar wa Turawa da ɗalibai masu rubuta kundin kammala digiri. Ni a ganina wannan asara ce, kuma asara ce mai ƙaruwa kowace damina.

Kafin jihadi, wannan yanki yana ƙarƙashin inuwar Borno ne. Manyan garuruwansa su ne Shira da Tashena da Auyo, waɗanda labarin baka ke cewa 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Kowannensu yana da harshensa: Shiranci, Tashenanci, Auyakanci, dangin harsunan Bade da Ngizim. Yau ba mai magana da ko ɗaya daga cikinsu. Hausa ta haɗiye su, kuma ba a samu wanda ya zauna ya rubuta su yadda ya kamata ba kafin bakin ƙarshe ya rufe. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don abin da ya faru da harshe yana iya faruwa da labarin gari.

Malam Ibrahim Zaki, wanda ake kira Zakiyul Kalbi, yana cikin malaman da suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wajen 1807 ya fara yaƙe-yaƙensa a wannan ƙasa, ya ci Tashena da Shira da sauran garuruwa. Idonsa kuwa yana kan Borno kanta. Wani jagoran jihadi, Gwani Muktar, shi ne ya fara cin Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, a 1808, Barebari suka ƙwato shi da taimakon Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wato Shehu Laminu. Daga baya Malam Zaki ya sake shiga birnin, amma bai iya riƙe shi ba, ya komo yamma. Wannan ne ya sa sarakunan Katagum suka daɗe suna amsa sunan Sarkin Borno. Da ya komo ya kafa Katagum, ya rasu a 1814.

Duba inda ya zaɓa. Bai koma cikin duwatsun Shira ba, inda tsaro ya fi sauƙi. Ya zauna a fili, bakin kogi, kan hanyar fatake da ke tsakanin Kano da Borno, fuska da fuska da daular da ya gama yaƙi da ita. Katagum garin iyaka ce tun ranar da aka haƙa harsashinta, ƙofar gabas ta daular Sakkwato, kuma duk fasalinta daga wannan ya samo asali.

Mun yi sa'a guda da garuruwa da yawa ba su samu ba: akwai baƙon da ya ga garin da idonsa yana ɗan shekara goma sha wani abu, ya kuma rubuta abin da ya gani. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, mutumin Sikotilan, ya taso daga Tarabulus tare da abokan tafiyarsa, suka ratsa Sahara, suka isa Kukawa a 1823. Daga can shi da Likita Walter Oudney suka nufo Kano, suka sauka a Katagum a farkon Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa. An buga labarin tafiyar a Landan a 1826.

Ga abin da ya tarar. Gari mai kusurwa huɗu, da ƙofofi huɗu, kowace tana kallon nahiyarta. Ganuwa biyu ta jan ƙasa, ɗaya cikin ɗaya, tsayinta kamar ƙafa 20, kaurinta daga gindi kamar ƙafa 10. Gwalalo uku: ɗaya a waje, ɗaya tsakanin ganuwoyin, ɗaya a ciki. Gidan sarki a tsakiya, masallaci guda, mutane tsakanin 7,000 da 8,000. Ya ce tun da ya baro Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin wannan ba, kuma mutumin nan ya riga ya ga Kukawa. Ya ƙiyasta cewa ƙasar tana iya fitar da dawaki 4,000 da dakaru 20,000 idan yaƙi ya taso.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninsa shi ne wuri. A Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da kuɗin wuri. Duk tsawon tafiyarsa cikin Borno, da ƙyallen saƙi ake saye da sayarwa, ko a yi musaya. Wato a bakin wannan kogi kasuwar Hausa ta fara, ta Borno ta ƙare. Bafatake da ya taso daga Kukawa a nan zai fara ƙirga wuri, wanda ya taso daga Kano kuma a nan zai fara tunanin yadda zai juya wurinsa ya zama abin da za a karɓa a gaba. Duk garin da kuɗi ke sauya kama a cikinsa, dillalai da fatoma ba sa kwana da yunwa.

Akwai ɗan labari mai daɗi tsakaninsa da Ɗankauwa. Sarki ya so ya ga aikin bindigar baƙon, aka kafa abin bara, Clapperton ya harba ya samu, ya sake ya samu. Sarki ya yi mamaki ƙwarai, ya yafa masa riga. Sarkin iyaka ne, ya san abin da irin wannan bindiga ke nufi, ko da yake sai bayan kusan shekara tamanin jikokinsa suka ga ƙarshen lissafin.

Likita Oudney bai kai Kano ba. Ciwon ƙirji ya riga ya cinye shi tun a hanya. Da suka bar Katagum suka isa Murmur, a nan ya cika ranar 12 ga Janairun 1824. Clapperton ya binne shi kusa da garin, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, ya yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Murmur tana nan har yau cikin Ƙaramar Hukumar Zaki, har mazaɓu biyu ke amsa sunanta. Littattafai da dama masu ba da tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa sun ambaci wannan ƙauye, amma yaro nawa a makarantun yankin aka taɓa gaya wa haka?

Ganuwar ba ta hana wahala zuwa ba. Wajen 1826 rundunar Shehu Laminu ta taso ta mamaye ƙasar, ta nufi Kano, sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta sannan ta juya. Daga baya, cikin shekarun 1850, Sarkin Haɗeja Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, Katagum kuwa maƙwabciya ce, ta sha hare-harensa har ya rasu a 1863. Turawa suka zo a 1903 bayan sun ci Kano. Suka fara mai da Katagum lardi mai zaman kansa, ba a jima ba suka haɗe ta da Lardin Kano, a 1926 kuma aka mai da ita Lardin Bauchi. A tsakanin nan, cikin shekarun farko na sarautar Sarki Abdulƙadir na uku, wanda ya hau a 1909 ya yi mulki har 1947, aka ɗauke fada aka mai da ita Azare.

Ba wuya a ga hikimar tashin. Iyakar da aka gina garin don tsaronta ta daina zama iyaka, tunda Borno da Sakkwato duk sun shiga hannu ɗaya. Azare ta fi zama tsakiyar ƙasa, ba ta cikin kwarin kogi, kuma ita babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi. Sauran duk suka biyo: kasuwa, asibitin tarayya, Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, jami'ar kimiyyar lafiya. Amma fada ba ta tashi ita kaɗai. Alƙali ya bi, malamai suka bi, makaɗa da maroƙa da masu sana'ar fada suka bi, kuma tare da su aka tafi da kirari da labaran da ake maimaitawa kullum a zaure. Abin da aka bari a baya shi ne ƙasar kanta, da kushewun magabata, da gidajen da ba su tashi ba. Katagum dai ba ta zama kufai ba kamar Gazargamu ko Alkalawa. Gari ne mai rai, da hakiminsa da kasuwarsa da sakatariyarsa, kuma wannan ne ya sa har yanzu akwai wanda za a tambaya.

To, wanda ya yi niyyar zuwa, ya fara da zaɓen lokaci. Kada ya je a Agusta ko Satumba. Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauchi, ya wuce ya haɗu da Kogin Haɗeja wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe su faɗa Tafkin Chadi. Idan ya kawo, ba ya tsayawa a bakinsa, bazuwa yake yi cikin fadamu, ya yanke hanyoyi, wani lokacin ya ci gonaki da gidaje, kamar yadda mutanen Zaki da Gamawa suka gani a 2022. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin ziyara. Ruwa ya janye, sanyi ya sauka, ciyawa ta kwanta, ana iya ganin fasalin ƙasa.

A lokacin nan fadama ta fi kyan gani. Za ka tarar da injin ban-ruwa yana ta ƙara a bakin rijiyar burtsatse, an yanka ƙasa fala-fala, albasa nan, tattasai can, shinkafar rani ta fara kore. Masunta na jan taru a ragowar tafkuna, mata na banda kifi, hayaƙi na tashi daga tanda. Can gefe garken shanu ya sauko shan ruwa. Ka tsaya ka kalli wannan da kyau, don shi ma tarihi ne. Wannan fadamar ce ta ciyar da dawakin da Clapperton ya ƙirga. Ba don ita ba, ba wanda zai tara mutum dubu takwas a nan.

Mai sararin lokaci kuma ya ratsa ta Gadau. Mutane sun san ta da jami'ar jiha, wadda yanzu ke amsa sunan Sa'adu Zungur, amma tun shekarun 1920 da 1930 a wannan yanki, a Sharifuri da Gadau, Turawa suka kafa sansanin binciken ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Kurmin bakin kogin nan ne ya kawo su.

Idan ka isa, kada ka fito daga mota ka hau ɗaukar hoto. Ka fara da ƙofar hakimi ko dagaci, ka tuɓe takalmi, ka yi gaisuwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Azare, mun zo ganin garin kakanni." Ka riƙe goronka. Su za su haɗa ka da wanda ya san gari, kuma wannan mutumin ka sallame shi da abin kirki, don lokacinsa ya ba ka. A makabarta ka yi sallama, ka yi addu'a, ka bi ka'idar da mutanen wurin suka gindaya. Mace mai ziyara ta nemi shiga cikin gida wurin tsofaffin mata. Sau da yawa su suka fi maza riƙe salsala, wa ya haifi wa, wace ce aka auro daga Haɗeja, wane gida ne ya tashi ya bi sarki.

Kada kuma ka sa ran ganin ganuwa tsaye ƙafa 20. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, ranar da aka daina gayya a kansa ranar ya fara komawa inda ya fito. Ko Kano, da duk idon da ke kanta, ga yadda badala ta koma. Ganin tsohuwar ganuwa sai an koya. Ka nemi tudu mai tsawo wanda ya miƙe sambal, irin miƙewar da tudun Allah ba ya yi. Ka duba gefensa ko akwai kwari mai bin sa, inda ruwa ke kwanciya da damina, wannan shi ne gwalalo. Inda hanya ta ratsa tudun ta wani gurbi, ka tambaya ko ƙofa ce a da, da sunanta. Ka sunkuya ka dubi bakin kududdufi inda magina suka yanki ƙasa: za ka iya ganin tsingaro jere cikin ƙasar, da toka, da gawayi, wani lokacin har ƙwayar wuri. Ka gani, ka ɗauki hoto, ka bar shi inda yake. Tsingaron da aka cire daga mazauninsa ya zama fasasshiyar tukunya kawai.

Sannan ka zauna da dattawa, kuma ka iya tambaya. "Baba, ba mu tarihin garin nan" ba ta kawo komai sai jerin sarakunan da ke cikin kowane littafi. Tambayi ƙanana. Me ya sa ake kiran wannan unguwa da wannan suna? Ina marina take a da? Ina fatake ke sauka? Ta wace ƙofa ake fita yaƙi? Wa ya dasa tsamiyar can? Ko sunayen ƙauyukan kewaye abin bi ne: wanda ya ji Kafin Larabawa ai ya san akwai labari a ciki. Wani jami'in mulkin mallaka, Fremantle, ya tattara tarihin wannan yanki aka buga a 1911. Bayan shi Victor Low ya zauna da tsofaffin Katagum da Haɗeja da Gombe, ya fitar da littafi a 1972 wanda kusan gaba ɗaya daga bakinsu ya samo shi. Waɗanda ya zanta da su sun ga mutanen da suka yi zamani kafin Turawa. Wannan zuriya ta shuɗe. Waɗanda suka rage su ne suka ji daga gare su, kuma su ma gemu ya yi fari. Wayar da ke aljihunka ta fi duk na'urar da Low ya yi aiki da ita. Ka nemi izini, ka naɗi murya, ka rubuta sunan mai magana da ranar, ka kuma bar wa iyalinsa kwafi. Haka idan aka nuna maka tsofaffin takardu a gidan liman ko alƙali, hoto za ka ɗauka, ba aro ba. Takardun da aka ara "za a dawo da su" sun fi waɗanda gara ta ci yawa.

Wani abu kuma, ko da ba ya da daɗin faɗa. Cikin mutanen da Clapperton ya ƙirga akwai bayi, kuma ya ambaci bayi cikin hajar kasuwar garin tare da hatsi da shanu. Gwalalo uku ba su haƙa kansu ba. Mai ziyarar kirki yana jinjina wa malamin da ya kafa gari, yana kuma tuna waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka ba a rubuta sunansu ba. Tarihin da aka tace ya zama yabo zalla, aikin maroƙa ne, kuma su sun fi mu iyawa.

Ko akwai abin da ƙaramin gari zai samu daga irin wannan ziyara? Akwai. A tsibirin Jamaika, cikin tekun Karebiyan, akwai wani ƙauye a kan duwatsu mai suna Accompong. Jikokin bayin Afirka ne da suka gudu daga gonakin rake, suka yi yaƙi da Ingila har ta ƙulla yarjejeniya da su a 1739. Ƙauyen bai kama ƙafar Katagum a girma ba. Amma kowace shekara, ranar 6 ga Janairu, jama'a na tururuwa can daga ko'ina cikin tsibirin da ƙasashen waje, a taru ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar mangwaro, a busa ƙaho, a ci abinci, 'yan garin su zaga da baƙi suna ba su labari ana biyansu. Ba su da ganuwa, ba su da fada. Rana guda suka tsayar, suka san labarinsu, suka koya wa 'ya'yansu faɗarsa. Nan kusa kuma ga Sukur a Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ga Agadas a 2013.

Ba cewa nake a jira UNESCO ba, ko a jira baƙi daga Turai. Baƙin Katagum na farko suna Azare. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da majalisar masarauta ba: a bi sawun ganuwa a auna a zana taswira tun kafin gini ya rufe ragowar, a kafa alluna a gurbin ƙofofi da Hausa da ajami da Turanci, a hana ɗibar ƙasa a inda aka shata, a ware ɗaki ko guda ɗaya a ajiye hotuna da kwafin takardun da ke Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. A horar da samari biyar ko shida su zama 'yan rakiya. Ɗaliban Gadau da na Azare da ke neman abin rubutawa, ga shi nan a ƙofar gida.

Ku kuma shugabannin makarantu da malaman tarihi, tafiyar yini guda ce, a fita da hantsi a dawo kafin magariba. Kuɗin motar bai kai abin da ake kashewa a walimar yaye ɗalibai ba. Ku aika wa hakimi takarda tun da wuri, ku sa kowane yaro ya riƙe littafi da biro, ku kai su cikin hunturun bana.